Tsohon da na ɓatar a Mina alhali yana kwance

Ko me zan manta a aikin Hajji, ba zan taɓa mantawa da ranar da Turanci ya tona min asiri a Mina ba. Na samu aikin tafinta ne a tantin alhazan China, don na rantse wa mudirinmu, wato shugabanmu a wurin aiki, cewa Turanci a bakina kamar ruwa yake (sakandare kawai na gama a Kano, da ƙyar ma). Kullum gabana faɗuwa yake, kada a gano ni a sallame ni.

A cikin alhazan akwai Yunus, mai koyon Turanci, kullum da ɗan littafinsa a hannu. Da tsohon mahaifinsa ya zo. Ana tsakar azahar ya tare ni, fuska a damuwa, ya ce, "My father is under the weather."

Na lissafa a raina: under, ƙarƙashi, weather, yanayi. Innalillahi! Tsoho yana waje cikin wannan rana! Ko tambaya ban yi ba, na ruga ina ihu alhaji ya ɓace. Mudir ya fito ba takalmi. "Yalla, ku bazu! In ya faɗi mun shiga uku!"

Mu shida muka bi layin tantuna da laima da ruwan sanyi. Duk tsoho mai farin gemu sai na leƙa fuskarsa (wani ɗan Indonesiya har duka ya kai min).

Muka dawo jiƙe da gumi. Me za mu gani? Baban Yunus zaune kan katifarsa cikin tanti, yana shan shayi yana fyace hanci. Mura ce! Yunus ya buɗe littafinsa a gaban kowa, ya nuna min shafin, ya yi min bayani a hankali kamar yaro: in an faɗi haka, mutum ba ya jin daɗin jikinsa ne kawai. Magani yake nema. Wallahi na ji kunyar da ban taɓa ji ba.

Mudir ya dube ni. "Ya akhi, kai ne tafintan ko shi?"

Bai kore ni ba, ya dai mai da ni gadin ƙofa. Kwana biyu na yi a tsaye cikin rana, har zazzaɓi ya kwantar da ni. Yanzu in ban gane magana ba, tambaya nake yi kafin in ɗauki laima.