Kwanon Annabi Hankaka

"Ni ce mayyar?" in ji Iya Zabuwa. "Ni da na yi dakon ƙasar ginin cocin nan a kaina, har gashina ya zube bai sake fitowa ba? Dube ni da kyau, Talotalo. Ranar da aka yi maka baftisma ni na riƙe maka zane, kana kuka, majinar nan taka tana reto. Ga ta nan har yau ba ka share ba."

"Iya, a majalisa muke," in ji Dattijo Talotalo, ya kumbura ya baza wutsiya. "A nan Shugaba ake ce mini."

"To Shugaba, share majinarka."

Mata suka sunkuyar da kai wai addu'a suke yi, kafaɗunsu kuwa sai rawa.

Ni ba mai son kwashe-kwashen magana ba ce, amma tunda kun tarar da faɗa a tsakiya, bari in faɗi mafarinsa. A ƙasar Bayan Rumbu, duk tsuntsun da ke kiwo a ƙasa coci ɗaya yake zuwa, kuma tsarinsu ba ya canzawa. Fasto Agwagwa ke hawa bagade ya yi wa'azi. Dattawa suna bencin gaba, Talotalo ne shugabansu, don in ya kumbura babu mai faɗinsa. Matan zumunta su ne shara, su ne girki, su ne waƙa, su ne duba marasa lafiya, saboda haka aka ba su bencin baya.

Fasto Agwagwa bawan Allah ne, sai dai muryarsa kamar ana jan buhu a kan tsakuwa, wa'azinsa kuma bai wuce uku ba: ku ƙaunaci juna, kada ku ci tsakin wani, kowace ta kwanta a kan ƙwanta don Allah bai ba ta ɗumin ciki a banza ba. Shekara goma sha ɗaya ana jin wannan. Wasu har sun haddace inda yake tari.

Ana nan, farkon damina, sai ga baƙo ya sauko daga sama. Daga sama fa, ranar Lahadi, a gaban kowa. Baƙar riga har ƙasa, ga farar kwala a wuya irin ta manyan limaman coci. Ya ce sunansa Annabi Hankaka. Da aka tambaye shi wa ya naɗa shi, sai ya ce wasu makaranta suke zuwa a ɗaura musu kwala, shi kuwa da tasa aka ƙyanƙyashe shi. Dattawa suka taɓa, suka ja, ta ƙi fita. Aka ce Haleluya.

Koyarwarsa sabuwa ce fil. Ya ce kwanci rashin bangaskiya ne. Yaya kaza za ta yi sati uku zaune a kan ƙwai, sai ka ce Allah ba ya iya tsaro? Kowace ta faɗa masa inda sheƙarta take ya sa ta cikin addu'a, ta bar ƙwan, ta zo taron farkawa. Kajin da gindinsu ya gaji da zama suka ce ai wannan maganar suke jira tun suna 'yan mata. In taro ya yi zafi, an saki ganga da kacau-kacau, sai Annabi ya ce kowa ya rufe ido, shi zai hau sama ya karɓo saƙo. Can an jima ya dawo yana goge baki a fiffike, murya ta ƙara santsi.

Ƙwai suka fara ɓata. Da fari ya ce sama ce ta karɓe su baiko, wato sadakar coci, mai su za ta ga ninki. Damina ta raba tsakiya babu ninki, ajin yara na ranar Lahadi babu ɗan tsako ko ɗaya. Mata suka fara ƙunƙuni. Sai ya hau sama ya dawo da sabon saƙo: akwai mayya a cikin ikkilisiya, ita ke shanye ƙwan 'yan'uwa, kuma a duba gidan da ake da 'ya'ya.

To kun san halin zabi. Zabuwa a cikin ciyawa take ɓoye sheƙarta, ko mijinta ba ta faɗa wa, balle baƙo. Iya ba ta faɗa wa Annabi ba, ba ta zo taro ba, ta ce bayanta ke ciwo. Ran nan sai ga ta, da tsufanta da komai, ta fito da 'ya'ya goma sha huɗu suna binta ɗuu. Shi ne yau bayan sujada majalisa ta zauna don a fitar da ita daga ikkilisiya. Wanda aka fitar daga ikkilisiya kuwa an fitar da shi daga Bayan Rumbu, sai daji, inda muzuru ne alƙali.

Talotalo ya gyara murya, ya yi kamar bai ji zancen majina ba.

"'Yan'uwa cikin Ubangiji, salama. Majalisa ba ta yanke hukunci da son zuciya, da hujja take yankewa. Hujja ta farko, kowa ya yi asara, ita ta yi riba. Ta biyu, ta ɓoye wa bawan Allah sheƙarta, mai gaskiya kuwa ba ya ɓoyo. Ta uku, bawan Allah ya gan ta a wahayi, kuma ba mu taɓa jin wahayi ya yi kuskuren gida ba."

Annabi Hankaka na zaune a kujerar da aka sa wa matashi biyu. Ya lumshe ido ya ce, "Da hawaye na gani, ya ku ƙaunatattu. Da hawaye."

Fasto Agwagwa ya taso yana rangaji. Tun zuwan baƙo aikinsa ya koma karanta sanarwa. Ya ce, "Shugaba, ni ban hau sama ba, ƙafata ma da ƙyar take hawa bagade. Amma kafin a kori tsohuwa a kan maganar mutum ɗaya, ya kamata mu san mutumin. Tsuntsun da ya zo da sabuwar koyarwa, ba wuyansa ake dubawa ba. A dubi abin da ya rage a gidajen da suka bi shi."

"Baba Fasto, kishi ba kyau," in ji Talotalo. "Kana so a san shi? Za a san shi yanzu."

A nan sai na ɗan tsaya. Al'adar Bayan Rumbu ce, baƙon mai wa'azi ba ya hura wuta. Gida-gida ake ciyar da shi, kowace mace da ranarta. Ta kai kwano ta ajiye a gindin tsamiyar da aka sauke shi, in rana ta yi sanyi ta koma ta ɗauko. Annabi kuwa kowace Lahadi sai ya yabi masu girkin satin daga kan bagade, da suna. Wance, faten tsakinki ya kai ni sama ta uku. Wance, dambunki mala'iku sun tambaya. Mace ta fito coci tana taku ɗai-ɗai.

"Ga tawali'unsa," in ji Talotalo. "Mai hawa sama, amma bai raina kwanon kowa ba. Ko na 'yar'uwa Fingi, da duk mun san halin gidanta, tas yake sudewa. Fingi, fito gaban bagade ki ba da shaida a gaban Allah."

Fingi kaza ce mai birkitaccen gashi, kullum kamar yanzu ta tashi daga barci, ga tsoron Allah kamar ya kashe ta. Gulma takan yi, amma a bakin rijiya, ba a gaban bagade ba. Ta fito, ta dubi bagade, ta dubi Annabi, sai ta fashe da kuka.

"Shugaba, a gafarta mini. Bai taɓa ci ba."

"Me?"

"Sau biyar ina kaiwa. Yadda na rufe haka nake tararwa, har tururuwa sun yi layi. Na ce ko girkina ne ba daɗi. Da na ji ya yabe ni a coci, na ce rufin asiri ne yake mini. Sai na riƙa juyewa a bayan rumbu, ina dawowa da kwano a buɗe don a gani."

Sai aka ji wata murya daga baya, can ƙasa-ƙasa: "Ke ma?"

Uwar Zumunta ce, Mama Wake-wake, wadda dambunta mala'iku suka tambaya. Duk unguwa ta zaga tana faɗi.

"Mama! Ke da kika ce har ya aiko a ƙaro?"

"To me zan ce, Fingi? Ina ji kowa ana sude nata, ni Uwar Zumunta in ce an dawo mini da nawa?"

Wayyo, sai bakin buhu ya kwance. Wannan ta ce ni ma, waccan ta ce ni ma. Wata ta ce har gishiri ta canza. Wata ta ce ta je koyon girki gun kishin maƙwabciyarta, ashe maƙwabciyar ma juyewa take yi. Matar Talotalo ta miƙe ta ce ita ba ta yarda da zubar da abinci ba, maigida take ɗumama wa.

"Ni?" in ji Talotalo.

"Kai mana. Ba kai ka ce kwanan nan hannuna ya faɗa ba?"

Aka zaga benci uku na mata, ba a sami wadda Annabi ya ci ƙwayar tsakinta ba. Wata huɗu cur.

Annabi Hankaka ya miƙe a hankali, ya buɗe fikafikai. "Ya ku masu ƙarancin fahimta. Azumi nake yi dominku. Na ɓoye ne don kada a yabe ni."

"Annabi," in ji Fingi tana share hawaye, "amma ka ce fatena ya kai ka sama ta uku. A kan bagade ka faɗa."

"A ruhu na ci."

"A ruhu kuma ka yi wannan ƙibar?" in ji Iya Zabuwa. "Ranar da ka zo, ta tagar nan ka shigo a tsaye. Jiya na ga sai da ka karkata. Yaro, ni ma na yi azumi, kwana uku kacal, iska ta kusa kai ni Gabas. Wane irin azumi ne ke sa kwala ta shaƙe wuya?"

Annabi ya daka tsawa: "Kun ji bakin maita! Shugaba, a fitar da ita!"

Talotalo kuwa yana can yana lissafin ɗumamen da ya ci. Fasto Agwagwa ne ya yi tari, a inda ba a saba ba.

"Ɗan'uwa, ba mu kama ka da komai ba, ba kuwa za mu yi maka abin da aka so yi wa Iya ba. Ga shawara. Daga gobe kowace ta koma ta kwanta a kan ƙwanta, sati uku, ba taro. Kai kuma ka dawo ɗakina, mu ci tsaki kwano ɗaya, mu yi addu'a tare, inda na je ka je. In ƙwai sun ci gaba da ɓata, to akwai mayya, ni da kaina zan raka ta bakin daji. In kuwa 'yan tsaki sun fito, sai mu gode wa Allah mu yi suna."

"Sati uku?" in ji Annabi. "Tsaki?"

"Da ɗan rama ranar Asabar."

Annabi ya ɗaga kai sama kamar mai saurare. Ya ce yanzun nan saƙo ya iso, ana nemansa da gaggawa a wani gari inda ake girmama shafaffu, zaɓaɓɓun Allah irinsa. Ya karkaɗe ƙurar ƙafarsa, ya ce albarkar da ya kawo da ita zai tafi. Ya nufi taga, ya karkata, ya maƙale, sai da zakaru biyu na ƙungiyar mawaƙa suka taimaka wa bawan Allah daga baya.

Mama Wake-wake ta ɗauko waƙar godiya, mata suka amsa, wasu na dariya wasu na kukan ƙwansu. Fingi ta je ta durƙusa gaban Iya. Iya ta ce ta tashi, ta je ta gyara gashinta.

Talotalo ya bari hayaniya ta lafa, ya sake kumbura, ko da yake bai kai na ɗazu ba.

"'Yan'uwa, majalisa ta yi bincike mai zurfi, ta gano cewa Iya Zabuwa ba mayya ba ce, kamar yadda majalisa ta daɗe tana zato. Sunanta yana nan, bencinta yana nan. Majalisa kuma tana jan kunnen mata a kan ƙarya, domin su suka jawo wannan abu."

"Amin," in ji dattawa.

"Sai albishir. Kada a ce Bayan Rumbu ta zauna ba baƙo. Na sami wasiƙa daga wani babban bawan Allah, Bishop Shirwa. Shi an shaide shi, ko kallon ƙwai ba ya yi. Hidimarsa duk ta yara ce. Ya ce ya ji labarin akwai goma sha huɗu a nan, yana marmarin ya ɗora musu hannu."

Fasto Agwagwa ya ɗaga fiffike zai yi magana, aka ce masa lokacin sanarwa bai yi ba.

Iya Zabuwa ta miƙe, ta gyara ɗaurin zane.

"Iya, ba a rufe da addu'a ba," in ji Talotalo. "Ke ce za ki rufe mana, don a san an shirya."

"Baba Fasto ya rufe muku. Lahadi ina nan, kada in tarar da gindin kowa a bencina. Yanzu zan je in canza wa 'ya'yana ciyawa."

"Wace ciyawar, Iya? Don majalisa ta sani."

Ta dube shi tun daga wutsiya har majina. Ta fita, ta maka ƙofar langa-langa, garam, sai da ƙura ta zubo wa bencin gaba.