Ranar da Aka Kama Ni da Wutsiyar Goɗiya

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da aka kama ni riƙe da wutsiyar goɗiyar surukina. Na gaji da labarin nan, wallahi na gaji, amma tunda kowa a Bodinga yana ba da shi yadda ya ga dama, gara ku ji daga bakina.

Lokacin Nasara ba su shigo ƙasar nan ba, ina saurayi, ina neman auren Hajo, ɗiyar Malam Buba na Shagari. Sai tusar jaki ta fito mini a haɓa, wannan ɗan tsiron fata mai kaushi. A bakin askar wani wanzamin kasuwar Danchadi na ɗebo ta (askarsa ɗaya ce, kawunan da take bi kuwa sai Allah). Na yi ta ɓantarar ta da farce, ta ƙara girma, har ta haifi 'ya'ya biyu. Na shafa toka da kanwa, na ɗiga ruwan tumfafiya, fatar gefe ta saɓule, ita kuwa ko gezau. Da na rasa yadda zan yi sai na koma naɗa rawani, ina jan amawali har hanci. Ɗan manomin albasa da amawali! Mutane suka ɗauka karatu ne ya kama ni, ni kuma ban musa ba.

Gwaggota ta ce magani ɗaya ya rage: a ɗaure gindinta tam da gashin wutsiyar doki, ta bushe ta faɗi. Mu kuwa ko jaki sai mun ara. Malam Buba na da goɗiya, amma in na roƙe shi sai ya tambayi dalili, in ya ga dalilin kuma, a haukata, auren ya tashi.

Ranar da na kai gaisuwa, Malam ya shiga gida yin alwalar la'asar. Na lallaɓa bayan zaure inda goɗiyar take a turke, na kama wutsiya, na zaɓi sili ɗaya. Na ja, ta yi haniniya. Na sake ja, ta kai mini harbi, Allah ya sa ta kuskure. Ina ɗaga kai sai ga Malam da buta a hannu, masu zuwa salla sun cika bayansa.

"Mi kaka yi da wutsiyag goɗiyata?" in ji shi.

Wani dattijo ya ce, "Sammu na, Malam! Ba ka ga ya ruhe huska ba?"

A wancan zamanin zargin sihiri maganar alƙali ce. Aure kam na cire rai, bulala kawai nake hangowa.

"Allah shi gafarta Malam, magani nika biɗa."

"Maganin mi?"

Ba yadda na iya. Na sauke amawalin, abin da na ɓoye wata uku ya fito fili, uwa da 'ya'yanta. Malam ya matso ya duba da kyau.

"Don wagga 'yar aba kaka son a kai ka gaban alƙali?"

Ya zaro wuƙa ya yanko gashin, ya ɗaure mini da hannunsa, ɗaurin da ya sa ni hawaye. Jama'a na ta ba da shawara, wannan ya ce a ƙara ja, wancan ya ce haka ta kakansa take. Daga bayan zana kuwa ina jin dariyar da na san mai ita.

Kwana tara babbar ta faɗi, ƙananan suka baje da kansu bayan damina, aka ɗaura aure. Daga baya Hajo ta ce mini, "Ai tun ran da kas sha hura kasuwa nig gan ta."

Tun daga nan askata daban, kuma ba na sa farce a fuska. Sai dai har jikokina sun san ni da suna Angon Goɗiya. Da na bar tusar jakin nan a fili, da an gani an manta. Na ɓoye ta wata uku, ga shi shekara arba'in ana ganin ta, alhali ko tabo babu.