Gugan Mai Girma Shugaba

Jama'a, ku taya maƙwabcina Dogo murna, kamfaninsu ya ci ribar da bai taɓa ci ba, don haka an kore shi.

Dogo dai manhajar waya yake ƙerawa. Ran nan da safe aka tara su a harabar kamfani, aka raba musu huluna, Mai Girma Shugaba ya leƙo ta tagar bene ya ce dukansu 'ya'yansa ne. Aka tafa. Dogo ya juya zai koma ofis, ya kara katinsa a ƙofa, ƙofa ta yi ƙememe. Na bayansa ya kara, haka. Kafin a ankara ɗaruruwan mutane na tsaye a rana da sababbin huluna.

Ga shi uwargidansa na da tsohon ciki, asibitin kuwa kamfani ke biya. Ya nemi manajansa ya kai kuka, sai ya tsince shi a gindin bishiya yana fifita da hula.

"Ranka ya daɗe, asara muka yi ne?"

"Ina fa! Masu hannun jari ne ba sa ƙoshi da riba, sai sun ji an rage baki. Da labarin korarmu ya fita, farashin hannun jari ya yi sama. Tunda ka zo kamfanin nan ba ka taɓa yi masa amfani irin na yau ba."

Dogo ya rasa ko godiya zai yi.

Ashe cikin waɗanda aka sallama har da masu kula da ƙofar. Da yamma Mai Girma ya zo fita, ƙofa ta ce ba ta san shi ba. Aka ce a dawo da mutum biyu su buɗe, masu jari suka ce sam, ɗaukar ma'aikata zai karya farashi. Mai Girma ya koma bene.

Washegari yunwa ta sa shi zuro igiyar labule ta taga. Dogo, da ya zo roƙon a miƙo masa tabaransa, ya ɗaura masa kular abincin da uwargida ta ba shi. Yanzu aikinsa ke nan, safe, rana da dare, ya sayi guga, ana biyansa ta cikin gugan. Da uwargida ta sauka lafiya, ta nan aka zuro barka.

Makon jiya wani Babba ya iso da jiniya da motoci reras. Na ɗauka zai tambayi dalilin kora. A'a, zare ya yanka, ya ƙaddamar da gugan a matsayin sabon shirin samar da aikin yi, ya kafa kwamitin da zai je ƙasashen waje nazarin ƙara igiya ta biyu.

Ni dai na fara motsa dantse a ɓoye, ko zan samu aikin jan igiya ta biyun. Kada ku faɗa wa manajan, shi ma ya nema.