Ranar da Na Yi wa Baba Yohanna Gyara

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar a Samaru ba, ko da kuwa na so in manta. Kullum na wuce gaban ɗakin taron nan a kan babur sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi.

Bari in fara gaya muku irin haukan da muke yi. Muna da wata 'yar ƙungiya ta masu rubuta labaran zaɓi, wato labarin da kake karantawa a waya, in ka zo wani wuri a tambaye ka: ka shiga gidan ko ka juya? Abin da ka zaɓa shi zai kai ka gaba. Yawancinmu ɗalibai ne da waɗanda suka gama makaranta suka ƙi barin gari. Duk ƙarshen shekara kowa ya saka nasa da sunan aro, 'yan ƙungiya su buga kowanne kamar wasan waya, su jefa ƙuri'a, sannan mu taru a ba wanda ya ci wani ɗan kofi da takardar yabo.

Ni mai gyaran waya da kwamfuta ne, kuma a lokacin gani nake duk Zariya ba wanda ya kai ni wannan harka. Nawa labarin na wani ɓarawon akuya ne, mai ƙarshe talatin da biyu (har da wanda akuyar ke zama shaida a kotu). Na riga na share wa kofin wuri a shagona, tsakanin fanka da rediyo.

Sai ga wani labari ya shigo mai suna Hanyar Asibiti, na wani wai shi Ɗan Jushi. Labarin ba wani ado. Matarka ta tashi da safe tana ciwon kai. Ka ba ta magani ku jira, ko ka tari keke napep, ko ka buga wa maƙwabci ƙofa ya fito da mota, ko ka fara kiran 'yarku. Na zaɓi keke, ta rasu kafin mu kai asibitin Shika. Na koma na zaɓi mota, ta rasu muna shiga ƙofar asibiti. Na sake komawa. Kwana uku ina binsa, har taswira na zana a bayan kalanda. Hanyoyi goma sha ɗaya ne, duka wuri ɗaya suke kai ka: kana zaune a kan benci riƙe da takalmanta a leda.

Maimakon jikina ya yi sanyi, sai na ji daɗi. Na ce na kama shi, yaron bai iya haɗa rassan labari ba.

Ranar taro na sa sabuwar shadda. Kusa da ni wani dattijo ne cikin tsohuwar kwat, da tabarau mai igiya. Muka gaisa, ya ce sunansa Yohanna, tsohon malamin firamare ne daga Sabon Gari. Na ɗauka ɗansa ya rako. Don in nuna masa an zauna kusa da masani, na shiga ba shi labarin Ɗan Jushi da shirmensa. Ya saurara yana gyaɗa kai. Ya tambaye ni ko da gaske na bi hanyoyin duka, na ce ƙwarai, har taswira gare ni.

Da ma na tsaya nan. Amma kafin a faɗi sakamako akan ba da dama a yi tsokaci, ni kuwa na ɗaga hannu tun mai gabatarwa ba ta rufe baki ba. Aka miƙo mini lasifika. Na ce akwai labarin da bai cancanci shiga gasa ba, domin zaɓin da ba ya canza komai yaudara ce. Na ce ko akuyata ta fi matar nan samun dama (wasu suka yi dariya, Allah Ya yafe mana). Na rufe da cewa in Ɗan Jushi yana nan, ya zo shagona in koya masa yadda ake ceto mace a labari, kyauta.

Na zauna ina gyara hula.

Mai gabatarwa ta buɗe takarda ta ce labarin da 'yan ƙungiya suka zaɓa bana shi ne Hanyar Asibiti, Ɗan Jushi ya taso. Na shiga waige-waige ina neman wani ɗalibi mai askin zamani. Sai na ji an dafa gwiwata.

"Ɗana, ɗan matsa in wuce."

Na matsa. Ban san da wace ƙafa na matsa ba.

Baba Yohanna ya karɓi kofin, aka miƙa masa lasifika. Sannan ya ce shi ba marubuci ba ne, 'yarsa ce ta nuna masa yadda ake yi don ya rage zaman kaɗaici. Ya ce sunan matarsa Saratu, shekara talatin da takwas suna tare, kuma bara warhaka ta tashi da ciwon kai. Shi ya ba ta magani, ya ce su ɗan jira rana ta ɗaga.

"Tun ranar nake cewa da na yi kaza, da na yi kaza. Shi ne na zauna na rubuta kowane 'da na yi', na bi shi har ƙarshe, in gani ko akwai inda za ta dawo gida tare da ni. Likita ya gaya mini babu. Ni ne ban yarda ba sai da na taka da ƙafata."

Wata yarinya a bayana tana jan hanci. Ba wanda ya kalle ni, kuma wallahi da zagina suka yi da ya fi mini sauƙi. Da aka karanto sauran sakamako, ɓarawon akuyata ya samu ƙuri'a uku, ɗaya tawa ce. Na sulale kafin a raba lemo.

Sati biyu ina kewaye-kewaye kafin na samu ƙarfin zuwa Sabon Gari. Na yi tambaya a bakin coci aka nuna mini gidan. Na tarar da shi a tsakar gida yana tsince wake, aikin da in ka gani ka san ba hannunsa ne ya saba da shi ba. Na durƙusa na fara jero ban haƙurin da na haddace a hanya, ya katse ni, ya ce in ja kujera. Ya ce maganata ta yi masa zafi, ba zai ɓoye ba, a daren ranar taron bai ci abinci ba. Amma ya ce mutane da yawa sau ɗaya suka buga, suka yi kuka, suka ajiye.

"Kai kaɗai ka yi ta komawa kana neman yadda za ka cece ta. Ni ma haka na yi. Bambancinmu, kai da ka rasa sai ka ji haushina, ni kuwa haushin kaina na ji."

Sai na ja tiren na taya shi tsintar waken. Muka yi kusan awa ɗaya a haka, yana ba ni labarin yadda Mama Saratu take sa kanwa fiye da kima kuma ba ta yarda a faɗa.

Har yau ina zuwa taron, amma can baya nake zama, kuma in lasifika ta biyo ta layinmu sai in miƙa wa na gaba. Sana'ata ta koya mini cewa duk abin da ya ƙi yin yadda nake so ya lalace ne, a kawo in gyara. Baba Yohanna ya koya mini cewa wani abin lafiyarsa ƙalau, ni ne ban tambaya ba. Yanzu kafin in kushe tuwo, sai na fara tabbatar da cewa ba mai tuƙin ce zaune kusa da ni ba.