Boris Ɗin Injiniya Halliru

"Ni ba a kai mini keke wurin mai faci," in ji Halliru. "Mutumin da ya kwance injin saƙa a Kano ya mayar, keke ne zai gagare shi?"

A rumfar Gwadabe mai gyaran keke ya faɗi haka, ranar Asabar bayan la'asar, gaban mutum kusan goma. To, bari in gaya maka gaskiyar injin nan, tunda katanga ɗaya ce ta raba gidana da nasa a Sabon Gari. Sati uku ya yi a masaƙar, kuma tsintsiya ce a hannunsa. Amma tun da ya dawo Wudil ya samu aikin masinja, ko sallama ba ya amsawa da kyau sai an haɗa da Injiniya.

Shekarun nan ne kuɗin mai ya yi wa gwamnati yawa har ta rasa inda za ta zuba shi. Aka aiko wa ofishinsu babur sabo dal, guda ɗaya tak, ga masinja biyu: shi da Isyaku, wani salihin bawan Allah mutumin Utai. Sakatare ya ce ranar Litinin za a duba kekunan ofis da ke hannunsu, wanda ya fi kula da nasa shi zai hau babur. Kafin Sakatare ya rufe baki Halliru ya sayi baƙin tabarau.

Kekensa kuwa lafiya lau, in ban da ƙafar gaba da ke ɗan kuka kamar ɓera.

"Giris ne ya bushe a cibiyar ƙafar," in ji Gwadabe. "Bar mini shi, kafin magariba ka zo ka ɗauka."

"Kai da iliminka ya tsaya a faci da famfo? Riƙe giris ɗinka ka shafa a kaushi."

Gwadabe ya ce, "To, Allah ya ba da sa'a, Injiniya," ya ci gaba da ɗaure waya.

Lahadi da hantsi gogan naka ya kifa keke a tsakar gida, ƙafafu sama kamar an kayar da rago. Ya saƙala fensir a kunne, ko da yake babu abin rubutawa. Ya sa sifana ya kwance noti, ya zare sandar ƙarfen da ke ratsa cibiyar, sai ga boris, 'yan ƙananan ƙwallayen ƙarfen nan da taya ke juyawa a kansu, sun zubo guda ashirin. Ya wanke su da kananzir, ya goge, ya shanya a faifai kamar mai shanyar gero.

Matarsa Hansai ta leƙo daga madafi. "Malam, a ƙasa za ka bar su?"

"Ke dai tsaya ga tukunyarki. Wannan aikin ƙwaƙwalwa ne."

Ya tafi sallar azahar. Agwagina tara, waɗanda ba su taɓa cutar kowa ba, suka biyo makwararar ruwa suka shigo gaishe da maƙwabta. Da ya dawo, boris bakwai kacal ya tarar a faifai.

Ya zo ƙofar gidana yana huci, wai sai na yanka su.

Na ce, "Nuna mini wadda ta ci, in ba ka wuƙa."

Ya dube su, suka dube shi. Haka Injiniya guda ya wuni bin bayan agwagi da tsinke a hannu, duk inda ɗaya ta tsuguna yana nan tsugune. Zuwa la'asar sakaliya ya ƙwato biyu.

"Ka je wurin Gwadabe mana," in ji Hansai. "Duk garin nan shi kaɗai ke sayar da su."

"In je ya ji daɗi? Ko gawata ba ta zuwa rumfar nan."

Har gobe ana cewa ni na ba shi shawara. Allah ya isa tsakanina da masu faɗin haka. Ni dai na shiga yi masa jaje, na ga ƙwaryar irin kuɓewar da Hansai ta ajiye don damina, na ɗauki ƙwaya ɗaya na murza, na ce, "Ikon Allah, kai ka ce boris." Iyakar maganata ke nan. In mutum yana da basira, laifinsa ne?

Halliru ya karɓa ya gwada da na ƙarfen. Girma ɗaya, launi kusan ɗaya. Ya ciza, ya ji tauri.

"Ai daga nan Turawa suka ɗauko dabarar," in ji shi.

Saura giris, shi ma sai wurin Gwadabe. Sai ya jawo kwalbar man shanun da Hansai ta sayo a kasuwar Juma'a, ya cika cibiyar taf, ya jera kuɓewa a ciki, har da ƙari don kada a yi rowa. Ya ɗaure, ya juya taya. Shiru kake ji, ba ɓera ba dangin ɓera.

"Kin gani? Gobe war haka a bayan babur za ki je unguwa."

"Man shanuna dai," in ji Hansai.

Litinin ya fito cikin kaki mai guga, ga tabarau. Daga gida zuwa bakin titi keke na tafiya kamar a kan auduga. Daga nan rana ta ɗaga, mai ya narke, ya fara bin wayoyin taya. Ya ji wani ƙus-ƙus a ƙarƙashinsa kamar ana tauna aya. Kafin ya kai ofis ƙafar gaba ta fara rangaji, ƙudaje na yi masa rakiya, da wani kare da ya ga alamar alheri.

A harabar ofis ya tarar da Sakatare tsaye, babur na sheƙi a gindin darbejiya, Isyaku riƙe da kekensa. Ga kuma wanda aka ɗauko ya yi alƙalanci, zaune a benci da sifana a hannu: Gwadabe.

"Kowa ya zaga bishiyar nan sau ɗaya," in ji Sakatare.

Isyaku ya zaga ya dawo, ba wanda ya ma lura. Halliru ya gyara tabarau, ya hau, ya saki hannu ɗaya don a san an zo wurin. Kan keke ya nufi gabas, taya ta ce ita kudu za ta. Suka rabu a gaban Sakatare, Injiniya ya sauka da haɓa, tabarau ya yi nasa wuri.

Sakatare ya miƙa wa Isyaku makullin babur. Sannan ya juya. "Malam Gwadabe, duba mana abin da ya samu keken gwamnati."

Gwadabe ya yi bisimilla ya kwance noti. Wani abu mai kauri, ruwan ƙasa-ƙasa, ya dalalo yana tururi. Ya shinshina. Ya dangwala da ɗan yatsa ya kai baki, ya ɗaga kai sama yana nazari kamar mai duban wata.

"Zai gyaru?" in ji Sakatare.

"Ranka ya daɗe, ai ya ma dahu." Ya dubi Halliru da ke kakkaɓe gwiwa. "Injiniya, hannunka da kyau. Gishiri ne dai bai ji ba. A aika gida Hansai ta kawo tuwon."