Yadda Za Ka Zama Gwanin Wiski a Riyad Ba Ka Taɓa Kurɓa Ba

Ikamarka, wato takardar izinin zama, saura sati uku ta mutu, kafil, ubangidan da ya tsaya maka, ya daina ɗaukar wayarka, sai ga wani Baturen jakadanci yana neman mai kula da teburin baƙi wanda ya san tsohuwar giyar Sikotlan. Kai kuwa abin da ya fi zoɓo ƙarfi bai taɓa wuce maƙogwaronka ba. Kwantar da hankalinka. Ni Harouna, kukun gidan Baturen, a gabana Maikuɗi direba ya bi waɗannan matakai, kuma na tabbatar maka za ka samu abin da ya samu.

1. Ƙirƙiro tarihi

Ka ce ka yi shekara biyar a wani babban otal a Landan. Kada ka ambaci shekara tara da ka yi kana jigilar tumatir daga kasuwar Al-Aziziya. Bature ba ya duba fasfo in ƙaryar ta sa kwat.

2. Riƙon kofi

Riƙe shi ta gindi, ka ɗaga wa fitila, ka ƙanƙance ido kamar mai duba jabun riyal. Kada ka hura, ba kunu ba ne. Maikuɗi ya hura, har sau biyu.

3. Shinshina

Tsoma hanci, ka rufe ido, ka yi shiru. A wannan sana'a shiru shi ne rabin ilimi, sauran rabin kuma gyaɗa kai.

4. Zuba surutu

Ka ce ka ji hayaƙi, ka ji itacen ganga, ka ji zuma da iskar teku. Ba wanda zai iya shiga hancinka ya ƙaryata ka. Maikuɗi ya ƙara da nasa:

"Yallaɓai, wannan ta shekara goma sha takwas a ganga. Ko da idona a rufe na san ta."

Tab! Mutumin da ko madara da nono sai an nuna masa.

5. Kurɓa

Nan ake gane maza. In Bature ya ce ɗanɗana, kada bakinka ya riga ka. Maikuɗi ya mayar da kofi hannun dama, ya nemi kujera ya zauna, ya ce "Bismillah" da ƙarfi, a kan giya fa! Ya shanye tas, ya girgiza kofin irin na gahawa wai ya ƙoshi.

"Yaya ka ji ta?" in ji Bature.

"Tana ƙona ƙirji, yallaɓai. Ta gaske ce."

6. Karɓar sakamako

Ka tsaya da kyau lokacin da matar gidan za ta faɗa maka cewa ba za ta taɓa miƙa wa Musulmi giya a ƙasar nan ba, don haka ta sa kuku ya cika tsohuwar kwalba da shayi mai sanyi. Aikin kuma an ba Abdou mai guga, wanda da aka tambaye shi ya ce bai san komai ba amma zai koya. Wallahi na ji haushin Maikuɗi: ya yarda ya sayar da addininsa, kuma ba a saya ba.

Gargaɗi

In ka bi wannan jagora ka tsinci kanka a filin jirgi da jakar leda, kana tuban zunubin da ko samun aikata shi ba ka yi ba, kada ka ambaci sunana a Kano. Ni shayi kawai na dafa.