Rasuwar Ƙararrawar Tashar Ombú Viejo

Da zuciya mai nauyi da baƙin ciki, da kuma kunyar da ta fi baƙin cikin yawa, Don Anacleto Urrutia, shugaban ƙungiyar adana tsofaffin tashoshin jirgin ƙasa na gundumarmu, yana sanar da rasuwar ƙararrawar tashar Ombú Viejo. Ta rasu safiyar Talata tana da shekara ɗari da goma sha ɗaya, a hannun mutumin da ya yi rantsuwar kare ta.

Marigayiya zubin baƙin ƙarfe ce, mai murya ɗaya da magana ɗaya. Ta sallami masu tafiya birni neman aiki, ta tarbi amare, ta raka taragun alkama da na shanu ba adadi. Jirgi ya daina zuwa shekara arba'in da suka wuce, amma ba wanda ya iya gaya mata. Kullum ƙarfe huɗu da minti goma na yamma Don Anacleto kan ja igiya, kamar yadda mahaifinsa ya yi, ita kuma ta ce "tan, tan, tan", matan gari su ɗora butar mate, shayin ganyen da kowa ke sha a ƙasarmu. Ta tsira daga ɓarayin ƙarfe da suka kwashe rabin layin dogo. Ta tsira daga guguwa biyu. Masu adana tarihi ne kawai ba ta tsira daga hannunsu ba.

Ga yadda ajali ya zo. Ranar Juma'a mai zuwa kwamitin gunduma zai zo ya yanke hukunci: a bar tashar a matsayin kayan tarihi, ko a ba masu waken suya su mai da ita sito. A takardar roƙo kuwa, Don Anacleto ya rubuta da manyan baƙaƙe cewa ƙararrawar tana da rai har yau. Da safiyar Talata, cikin sanyin Yuli, tsakiyar hunturun ƙasarmu, wanda ya daskarar da raɓa, ya tsaya yana ƙirga kashin tattabarun da ke jikinta har ruwan butarsa ya tafasa. Ko yaron goye a ƙasar nan ya san ruwan da ya tafasa ya tashi daga na mate. Ya ƙi ya zubar a banza, sai ya hau tsani ya juye mata shi a ka, wai wanka. Zafi ya haɗu da sanyi, nan take ta tsage. Kalmarta ta ƙarshe "tik" ce, a hankali, kamar mai gudun ba shi kunya.

Fermín maƙeri ya zo ya bi tsagar da farce.

"Anacleto, ɓarayi dai sun ji tausayinta," in ji shi. "Ba ta ɗinkuwa."

Doña Herminia, matar mai sanarwa, cewa ta yi: "Tsoho, shekara hamsin ina hana ka taɓa buta. Yanzu ka gane dalili?"

Marigayiya ta bar igiya ɗaya, da benci biyu, da agogon da ya riga ta yin shiru, da tattabaru masu yawa waɗanda ba su nuna nadama ba. Ta kuma bar dattijo ɗaya wanda jiya, ƙarfe huɗu da minti goma, ya tarar da hannunsa a kan igiyar kafin ya tuna. Ya yi kuka, ba ya musu.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a da ƙarfe huɗu da minti goma a dandamalin tashar, a gaban kwamiti, kuma mai laifin zai faɗi gaskiya da bakinsa. Ana roƙon jama'a su zo da yawa, su tsaya suna duban gabas kamar masu jiran jirgi, ko kwamiti ya ga cewa tashar ba ta bi ƙararrawarta ba. Za a zagaya da mate. Iyalai suna tabbatar wa kowa cewa ba Don Anacleto ne zai ɗora ruwan ba.